Karya Mai Lalle da Na Zo da Ita Daga Arewa

Tun da na dawo daga arewacin Nijar ban huta da tambaya ba. In na je bakin ruwa wankin kifi, tambaya. In na je gidan suna, kafin a miƙo mini goro an fara: "Inna Kulu, wai mi kinka gano can? Ke da ko kwikwiyo kinka hanga sai kin sake hanya, ya anka yi kinka komo da karya, har da lalle ga ƙafa?" Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa. Ran kasuwar Wara na ji wata tana rantsuwa wai aljana na auro wa ɗana. Shi ya sa na zaunar da ɗiyar ƙanwata wadda ta yi makaranta, na ce ta ɗauki alƙalami, abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta rage, kada ta ƙara. Wanda ya sake tambayata, a karanta masa.

Sai na fara da abin da ya sa nake tsoron kare, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba.

Ina yarinya, tun muna tsohon garinmu, kafin a datse gulbi ruwa ya ci gidajenmu, ina da ƙane ana ce masa Audi. Ni na goye shi. Wata rana wani kare ya shigo gari yana dalalar da miyau, ya kama shi a ƙwauri. Ciwon bai kai a kira shi ciwo ba. Aka shafa masa toka ya warke, kowa ya manta. Sai da wata ya mutu wani ya tsaya, sannan zazzaɓi ya zo. Yaron da aka haifa a bakin gulbi, wanda ya iya iyo kafin ya iya sa wando, shi ne ya koma in ya ga ruwa jikinsa ya ɗauki rawa. Yana cewa, "Yaya, ƙishi." In kawo masa a ƙoƙo, ya miƙo wuya, da ruwan ya kusa leɓensa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ni. Na ajiye ƙoƙon na ɗebo a tafin hannuna, ko zai fi masa sauƙi. Bai iya ba. Da ƙishinsa ya tafi. Kabarinsa yanzu yana ƙarƙashin tafki, jirage na wucewa ta kansa. Tun daga nan ban sake yarda inuwar kare ta taɓa tawa ba.

To, autata Balki ta auri wani ɗan Yelwa, Isiya, mai gyaran injin ruwa. Aiki ya kai shi can arewa da Tawa, inda Larabawa masu raƙuma ke da rijiyoyi masu inji, ya ɗauke ta suka tafi. A can ta haifi ɗiya aka sa mata sunana, suna kiranta Ummi. A waya kawai na san muryarta. Bara bayan ƙaramar salla aka bugo cewa Balki ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Muka yi zaman makoki babu gawa. Bayan sadakar arba'in Isiya ya kira ɗana Shehu, ya ce a zo a ɗauki yarinya. Shi kullum yana daji, daga wannan rijiya zuwa waccan, kuma tun ranar da aka fita da uwarta Ummi ba ta sake cewa uffan ba. Ba ta kuka, ba ta magana, abinci sai an yi da gaske.

Shehu ya ce zai je. Na ce tare za mu.

"Inna, ke da ba ki taɓa wuce Kontagora ba?"

"Ɗiyar da ba ta magana, da wane baki za ka lallashe ta? Da bakin cinikin kifi?"

Abin da na fita nema ke nan, in dawo da abin da Balki ta bari, da ransa da lafiyarsa.

Daga tungarmu jirgi ya kawo mu Yelwa, muka shiga motar Sakkwato. Na riƙo kwandon bandar tarwaɗa don in kai wa mutanen da suka wanke mini ɗiya suka suturta ta. Direba ya ce a sa a but, wurin kaya a bayan mota, na ce a cinyata zai zauna. Wata mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta yi ta toshe hanci da gyale tana cewa kayanta za su ɗauki wari, har na ɓaro mata guda. Daga nan ta daina ƙorafi, ta koma tambayata ko akwai yaji.

Mun wuce Koko da ɗan nisa sai direba ya kashe rediyo. Na tambayi Shehu lafiya, ya sa mini yatsa a baki. Ashe an daɗe ba mu haɗu da mota ko ɗaya tana tahowa daga gaba ba, kuma a hanyoyinmu na yanzu kowa ya san abin da wannan ke iya nufi. Direba ya sauka gefen titi ya tsaya. Mai atamfa ta cire 'yan kunnenta ta tura cikin kwandon kifina. Ni dai ina ta salati, abin da ke raina ɗaya, in aka tare mu a nan wa zai je wa Ummi? Can sai ga wata tirela ta ɓullo, direbanta ya ɗaga hannu ya ce babbar mota ce ta faɗi ta rufe hanya. Mutane suka yi ta hamdala kamar an yi musu albishir, alhali an ce yaron motar ya karye.

A Sakkwato muka kwana gidan wani dillalin kifi, abokin cinikin Shehu. Washegari muka yi Illela. Ni ina zaton iyakar ƙasa wata katanga ce mai ƙofa, sai na tarar da ƙarfe an gicciya a titi, awaki na wucewa ta ƙarƙashi babu mai tambayarsu. A ɓangaren Ƙonni wani mai kaki ya karɓi katinmu, ya yi wa Shehu wata magana da Faransanci, ni kuma na amsa da "Lafiya lau." Ya yi dariya ya juyo Hausa.

"Tsohuwa, ina zuwa?"

"Ɗauko marainiya."

Ya buɗe kwandon ya shinshina, ya ce uwarsa 'yar Gaya ce ta bakin gulbi, ya san wannan ƙamshin tun yana goye. Ya rufe da kansa, ya ce Allah ya raya ta.

Hausarsu ba ta ba ni wahala ba, kusan tamu ce. Abin da ya ba ni wahala ruwa. A Tawa, gidan da muka sauka, aka kawo mini buta guda, na yi alwala na wanke ƙafa na watsar da saura a tsakar gida yadda muka saba. Matar gidan ta bi ruwan da ido har ƙasa ta shanye shi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Mu da ruwa ke kwana a bakin ƙofarmu ba mu san abin da muke zubarwa ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ya kusa tafiya da haƙorin da ya rage mini. Dambunsu da zogale kuwa ba laifi.

Daga Tawa babu motar kujera. A bayan a-kori-kura muka hau, kan buhunan gero, tare da maza masu rawani da suka rufe fuska sai ido. A wajenmu in ka ga namiji ya rufe fuska a daji, gudu ake yi. Na ƙanƙame hannun Shehu, ban yarda na dubi kowa ba. Da rana ta take, ɗaya daga cikinsu ya miƙe tsaye yana warware wani dogon ƙyalle, na ce shi ke nan, ɗaure mu za a yi. Ashe inuwa ya yi mini, ya ɗaura shi a ƙarfen mota. Da aka tsaya salla suka dafa shayi a ɗan gawayi, suka miƙo mini a wani kofi kamar na wasan yara. Ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kada in ɓata musu.

Muka isa da la'asar. Rijiya ce da inji, da 'yan ɗakunan ƙasa, da tantuna, sai raƙuma ko'ina. Isiya ya tarbe mu, ya durƙusa nesa da ni, kansa a ƙasa, ya kasa haɗa gaisuwar. Ya nuna mini wasu duwatsu da aka jera can bayan ƙaya, ya ce nan Balki take. Na tsaya daga inda nake na yi mata addu'a. Sannan na ce ina yarinyar. Ya ce tana tantin Hajja Mariyama, uwar mai rijiyar, tsohuwar da ta riƙe Balki kamar ita ta haife ta.

Na yi sallama na sunkuya na shiga. Idona bai saba da duhun ciki ba. Na hango wata siririyar mata kwance a kan kilishi, ta juya baya, gashinta dogo mai laushi an taje shi ya zubo har kafaɗa, ga yarinya ta cusa kai a cikinta. Na ce a raina Allah ya saka wa wannan da alheri. Na durƙusa dab da ita na ce, "Sannu baiwar Allah, sannu da ɗawainiya."

Sai ta ɗago kai. Dogon baki, baƙin hanci, idanu kamar na barewa. Gashin da na gani na kunnuwanta ne.

Ban san yadda na fita ba. Shehu ya ce da baya na fito, na yi karo da igiyar tanti na zauna daɓas, ina kiran sunan Audi. Sai ga wata tsohuwa fara, 'yar ƙarama, ta lulluɓe da baƙin mayafi, ta kama hannuna ta tashe ni. Ita ce Hajja Mariyama. Tana jin Hausa, sai dai a karye.

Na ce, "Hajja, kare cikin ɗaki? Kare bisa shimfiɗa, da ɗiyar Musulmi?"

Ta ce, "Karnuka suna can bayan awaki, suna haushi. Wannan salugi ce. Sunanta Risha."

Ta zaunar da ni ta ba ni labari. Wai irin su Risha, tare da kakannin su Hajja suka taho daga gabas, tun zamanin da babu wanda ya riƙe lissafinsa, kuma sun san uwar kowace da uwar uwarta kamar yadda muka san dangi. Da ido suke farauta, ba da hanci ba. In ta hango zomo ko barewa a inda mutum bai ga komai ba, sai dai ka ga ƙura. Ba a sayar da su, ko da raƙumi, sai dai a ba wanda ake girmamawa. Aka kira Risha ta fito. Doguwa ce, ta kai mini ƙugu, ciki a ɗame kamar ba ta taɓa cin abinci ba, jela da gashi kamar tutar masara, launinta na yashi. Ƙafafunta huɗu jajaye. Na ce jini ne? Hajja ta ce lalle ne, suna ƙunsa musu don tafin ya yi ƙarfi, yashi mai zafi da ƙaya kada su fasa shi. Ta ce Balki ce ke taje mata kunnuwa kullum da yamma, Ummi na riƙe da matajin.

Ummi ta fito riƙe da wuyanta. Goshin Balki, tafiyar Balki. Na ce, "Ƙawata, zo mana, ga kakarki ta zo da kifi." Ta dube ni kamar yadda ake duban bango, ta koma bayan karyar.

Mun yi 'yan kwanaki ina gwada duk dabarar da na sani. Na yi mata waƙar da na yi wa uwarta, na soya mata kifi, na goya ta ta zame. Ba ta cin komai sai an fara ba Risha ta ci. Ba ta barci sai a jikinta. Ni kuwa daga nesa nake zama, in Risha ta yi hamma na ga haƙoran nan sai in ƙara ja da baya.

Ranar da motar Tawa ta zo na ce wa Shehu ya ɗauki yarinyar kawai, kuka ba ya kisa. Ya ɗauke ta ya hau, na hau. Ba ta yi kuka ba. Sandarewa ta yi kamar itace, ta kafe haƙora, ta riƙe numfashi har leɓenta ya canza. Mota ta tashi. Da na waiwaya sai ga Risha tana biye, ba haushi, ba komai, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa, kunnuwan nan na tashi a iska. Direba ya ƙara wuta, ta zo daidai da mu tana kallon yarinyar. Idon Ummi ya fara juyewa. Na daki kan motar na ce a tsaya, don girman Allah a tsaya. Da karyar ta ɗora ƙafa a ƙarfen mota, sai yarinyar ta ja numfashi.

Muka koma. Hajja Mariyama na tsaye inda muka bar ta, kamar ta san za mu dawo. Ta ce, "Na ba ki ita. Don Balki." Ta sa aka ƙunsa wa Risha sabon lalle saboda hanya. Sannan ta ɗauko salkar ruwa ta ce in haɗa tafin hannuna. A gidansu, in an ba da salugi, wanda aka ba shi ne zai shayar da ita ruwan farko a hannunsa, ta san gidan da ta koma.

Na ɓoye hannuwana a mayafi. Na ce Shehu ya yi. Shi ma ya ƙi, ya zuba a murfin roba ya tura mata da ƙafa. Ta dubi murfin ta kau da kai.

Hajja ta ce, "To, ku tafi da ita. Amma ba taki ba ce tukuna."

A Tawa abin ya faru. Ummi na tsoma hannu a madara tana ba ta tana lasa, sai wani babur ya yi ƙara a ƙofar gida, karyar ta zabura, haƙorinta ya karci yatsar yarinyar. Ɗan jini kaɗan, bai kai na ƙaya ba. Na Audi ma bai fi haka ba. Na wanke da sabulu na yi ta wankewa har yatsar ta yi fari, na ce daga yau hannunta ba zai sake zuwa kusa da bakin nan ba. Na ɗaure karyar da igiya na ba Shehu, na riƙe hannuwan Ummi cikin nawa.

Daga nan Risha ba ta sake cin komai ba, ba ta sake shan komai ba. Direbobi suka ƙi ta a kujera, sai a but aka sa ta, an ɗage murfi. Duk inda aka tsaya Shehu ya zuba mata ruwa a gwangwani, ta kau da kai. Miyau ya fara zubo mata. Shehu ya ce jirin mota ne, ba ta saba ba. Na ce haka ne, amma ni na taɓa ganin miyau irin wannan. A Sakkwato mai masaukinmu ya ce ba ta shigar masa gida, aka bar ta a zaure, Ummi ta ƙi wucewa, ni ma na zauna a bakin ƙofa. Bini-bini in miƙa wa yarinyar ruwa, ba don tana jin ƙishi ba, don in ga maƙogwaronta ya haɗiye. Har ta fara ture kofin saboda cikinta ya cika, ni kuma turewar ta tuna mini da Audi.

A Koko na ja Shehu gefe na ce ya kwance karyar ya bar ta nan.

Ya ce, "Inna, in kin ce a sake ta sai in sake ta. Amma kin ga abin da ya faru a motar farko. Ke za ki riƙe Ummi."

Muka koma mota da ita.

Muka iso Yelwa ana kiran la'asar, ran kasuwa, bakin ruwa cike da mutane. Jirgin tungarmu na Garba Dogo ne, abokin marigayi maigidana, yana ta lodin buhuna. Shehu ya jawo Risha muka gangaro. Dabbar da ruwan da ta sani a duniya bai wuce na kwamin shayar da dabbobi a bakin rijiya ba, sai ga tafki ya buɗe a gabanta ba a ganin ƙarshensa, iska na turo igiyar ruwa tana bugun jirage. Ta toge. Ta ja da baya, jikinta ya ɗauki rawa, jela ta shige tsakanin ƙafafu, ga farin kumfa a gefen baki, ga ƙafafu jajaye da sabon lalle.

Wata mai suyar ƙosai ce ta fara. "Kare na tsoron ruwa! Jama'a, mahaukacin kare!"

Wani ya ce, "Ku dubi ƙafafun, jini na! Ya riga ya ci wani!"

Kafin in buɗe baki mata sun kwashe 'ya'yansu, maza sun yi mana zobe da filafili da gora na tuƙin jirgi. Ban ga laifinsu ba. Mutanen ruwa ne, kowannensu ya san wani Audi. Shehu na ta cewa lalle ne, lalle ne, babu mai ji. Garba Dogo ya sauko daga jirgi da gorarsa.

"Kulu, ja ɗiyar ki ba mu wuri. Ke kin fi kowa sanin wanga ciwo."

"Garba, ba ta san ruwa ba, daga hamada take."

"Ta sha ruwa yau?"

Na yi shiru.

"Jiya fa?"

Sai idonsa ya sauka a kan tsumman da na ɗaure yatsar Ummi. Ya ce, "Innalillahi." Ya ɗaga gora.

Ummi ta fizge daga hannuna ta faɗa kan karyar ta rungume wuyanta, fuskarta dab da bakin nan mai kumfa. Aka yi cirko-cirko. Na san in suka ɓamɓare ta suka kashe dabbar a gabanta, gawa zan kai tunga ko da tana tafiya da ƙafarta. Na kuma san in gaskiyar Garba ce, to ciwon ya riga ya shiga jininta. Ko ta ina na duba, yarinyar nake shirin rasawa.

Na ce, "Ku dakata mini."

Na tuɓe takalmi na shiga ruwa har ƙwauri. Na haɗa tafin hannuna na ɗebo. Rabon da in ɗebo ruwa haka don wani ya sha, tun ina yarinya. Kafin in kai, rabi ya zube. Na durƙusa a gabanta, ina jin hucinta a wuyan hannuna, ina ganin haƙoran. Shehu ya ce, "Inna, kada!" Na runtse ido na miƙa.

Na daɗe ban ji komai ba. Sannan na ji hanci mai sanyi ya taɓa yatsata. Sannan harshe. Ta lashe ruwan tas, ta bi tsakanin yatsuna tana nema. Na buɗe ido, ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka, yana haɗiyewa.

Sai na ji wata 'yar murya a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Kaka, ƙara mata."

Na koma na ɗebo. Na sake komawa na ɗebo. Ban san sau nawa ba, zanina ya jiƙe sharkaf, ina kuka mutane na kallo. Garba Dogo ya sauke gorarsa ya ce, "To, a ɗauko ta a sa a jirgi, amma kusa da ke za ta zauna." Shehu ya rufe mata ido da rigarsa ya ɗauke ta kamar amarya.

Kada wani ya ji wannan ya ce in kare ya sha ruwa shi ke nan. Washegari Shehu ya komo da mu Yelwa wajen likitan dabbobi, ya yi mana faɗa sosai, ya ce shan ruwa ba shaida ba ce, kare mai ciwon ma yakan sha. Ya tura mu asibiti aka fara yi wa Ummi allurai, ya ce a tsare karyar a zuba mata ido. Kwanakin nan ban ci abincin kirki ba. Suka wuce lafiya, aka yi wa Risha tata allurar. Na tambayi limaminmu, ya ce karen farauta an yarda a riƙe, a dai ware mata ƙwaryarta, a yi mata wuri a waje. Na yi mata rumfa a bakin ɗakina.

Yanzu Ummi har surutu ya yi mata yawa, ta fara koyon iyo, kuma ta ce wai kifina ya cika gishiri. Risha har yau ba ta yarda ta taka tafki, daga tudu take tsayawa tana gadin yarinyar da ido. Lallen da kuke gani ni ke ƙunsa mata, saboda duwatsun bakin ruwa.

Masu tambaya ko na daina tsoro, ban daina ba. In Risha ta yi hamma har yanzu sai na kau da kai. Ta koyi sha a ƙwaryarta, amma na safe ba ta taɓa shi sai na zo. In na idar da salla na fito, tana nan tsaye tana jira. In ɗebo a tafin hannuna in durƙusa, in yi wa Audi addu'a, in miƙa mata. Ba na tashi sai na ga ta haɗiye.